Ranar da Na Zaga Gari da Rakiya

Akwai wata magana da take yawo a gidan nan tun da innarku Rakiya ta tafi Bur Sudan, kuma ni dai ta ishe ni. Wai ta raina Gadarif. Wai ta saba da fanka da ruwan famfo a Khartoum, ba za ta iya da ɗakin ciyawa da ruwan amalanken jaki ba. Ke Asiya, da kunnena na ji kina faɗa wa matar Bashir kuna yankan kuɓewa, kun ɗauka barci nake. Idona ne a rufe, kunnena ras yake. To yau zan faɗi yadda aka yi, don ni ce na gani, kuma in na tafi ba wanda zai gyara muku zancen.

Ni da Rakiya uwa ɗaya uba ɗaya, ni ce babba. A unguwar nan aka haife mu, a nan muka yi wayo. Aure ne ya kai ta Khartoum. Da mijinta ya rasu ba ta dawo ta zauna a kan kowa ba, ta kafa murhu a bakin wata tasha tana shayi da jabana, wato gahawa mai citta, da zalabiya, irin fanken nan, da shi ta raini 'ya'yanta har suka zama mutane. Da yaƙi ya tashi ta gudu Madani. Ba ta gama shan ruwa ba Madanin ma ta kama, ta sake tattara ƙafa. Da sanyi ta iso mana, ana tsakar yankan dawa, a bayan wata lori, ita da buhu ɗaya. Na fito na ga wata tsohuwa a ƙofar gida na ce wa take nema, sai da ta ce “Yaya” na gane ta. Babanku, Allah ya saka masa, ya ce gidanta ne, ta zauna har iyakar rai. Ku ma kun yi ƙoƙari, ban ce ba ku yi ba. Amma ƙoƙarin naku shi ya fi ƙona ta. Ta ɗauki tsintsiya, matar Bashir ta fizge, haba Inna ki huta. Ta nufi madafi, Asiya ta tare hanya, haba Inna ki huta. Matar da ta yi shekara da shekaru tana tashi kafin ladan, aka ajiye ta a kan angarib, gadon igiyar nan, kamar kayan ado. Ga ɗanta Usman yana ta bugo waya daga Bur Sudan, ta taho, ta taho, ya kama ɗaki. Wata safiya muna shan rana a bayan ɗaki ta ce da ni:

“Yaya, ni fa ba zan iya zaman a ba ni ba.”

“Wa ya goranta miki? Faɗa mini in ji, yau a yi ta.”

“Ba wanda ya goranta. Da ma an goranta, da na samu abin faɗa. In na samu inda zan hura wutata, na zauna kusa da ke har mutuwa. In ban samu ba, gara in nauyaya wa ɗan da na haifa, ba mijin yayata ba.”

Na san halinta. In ta faɗi magana a hankali haka, ta gama yanke ta. Amma ni dariya nake a ciki, don ina da abin da ba ta tuna da shi ba. A bakin kasuwar hatsi akwai wani tsohon nim, wato bishiyar darbejiya, a gindinsa Iya mahaifiyarmu ta yi sana'ar shayi har ƙarfinta ya ƙare, ni na gaje ta, na zauna a wurin har gwiwoyin nan suka ƙi ni. Ku yaran yanzu ba ku san ƙa'idar matan kasuwa ba. Inuwa gado ce. Ba takarda, ba hatimi, amma kowa ya san gindin bishiyar wane gida ne, kuma bishiya ɗaya wuta ɗaya, ba a haɗa masu shayi biyu a inuwa guda. In mai wuri ta tashi, sai ta bar amanarsa a hannun shugabar mata. Tamu Hajja Kulu ce, ƙawar ƙuruciyata. Ranar da na kwashe kofunana ta dafa ƙirji ta ce inuwar Iya tana nan, duk ranar da jinin Iya ya zo nema zai samu. Tun kafin yaƙi rabona da wurin. Ban aika ba, ban tambaya ba, na ce in yi wa Rakiya bazata. Tsofai-tsofai da ni ina shirya bazata kamar amarya.

Sai na jira rana. Babanku ya tafi Gedambaliya wajen masu yankan dawa, girki na hannun matar Bashir, ba suna ba biki ba gaisuwar mutuwa a unguwa, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Muna idar da azahar na jefa mata sabon tob ɗina, lafayar nan mai ruwan ƙasa.

“Tashi mu shiga gari.”

“Mu sayo me?”

“Ba mu sayen komai. Yawo za mu, mu ci abin da ranmu yake so, mu dawo.”

“Yaya, da wannan gwiwar taki? Kar ki sa in goyo ki a tsakiyar kasuwa, mutane su ce 'yan gudun hijira sun fara satar tsofaffi.”

Wallahi rabon da in ji ta yi tsokana tun isowarta. Na ce mu hau raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, ta ce a'a, ita da ƙafa za ta ga garinsu. Muka yi sulhu, raksha ta kai mu gadar kwarin da ya ratsa gari, daga nan muka taka. Ta tsaya a kan gadar tana leƙen yashi, ta nuna mini inda ruwan damina ya taɓa tafiya da takalminta Iya ta zane mu mu duka biyu, ita don ta yar, ni don ina kallo. Daga can ana hango babban rumbun hatsin nan na siminti, yana tsaye fari fat kamar yadda muka bar shi. Ta ce a Khartoum duk ranar da kewa ta kama ta, ba gidanmu take gani ba, shi take gani. Muka bi ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda muke zuwa da ƙwarya muna tsintar dawar da ta zube daga buhuna. Yanzu awaki ne a kan dogon. Muka wuce makarantar 'yan mata, tagoginta duk shanya, tsakar filin duk murahu, don mutanen da suka gudo ne a ciki. A nan sai ta ƙara sauri, ni ina binta ina ɗingishi.

Da muka shiga cikin suk, wato babbar kasuwa, sai ta dawo Rakiyar da na sani. Gari ya cika maƙil, ban taɓa ganinsa haka ba. Ga lorori shaƙe da simsim, wato riɗi, ga 'yan ƙwadago zaune a kan ƙullin kayansu suna jiran motar Fashaga, ga ƙamshin zigni, miyar naman nan mai yaji, yana fitowa daga rumfunan Habashawa, ga masu tasali, soyayyun 'ya'yan kankana, da gyaɗa suna ta kira. Muka fara da agashe. Ku kun ɗauka abincin Larabawa ne don kun ga kowa yana ci, to tsiren kakanninmu ne, mu muka zo da shi. Mai agashen wani dattijo ne ɗan unguwarmu, ya kalle ta ya yi mata maraba da Larabci, itfaddali ya hajja. Ta harare shi ta ce da Hausa:

“Kai Ɗanjuma, ni kake wa itfaddali? Ba kai ne kake kuka in an aike ka niƙa ba?”

Mutumin nan ya saki wuƙa ya riƙe baki. Ya zaɓo mana mai kitse-kitse, ya barbaɗe da ƙuli da yaji, ya matse lemun tsami, ya yanka albasa. Muka raɓe a bayan rumfarsa muka juya wa titi baya muna ci, tsofaffi biyu, mai yana bin hannu. Yaji ya sa ta hawaye tana dariya tana cewa na Khartoum duk ƙarya ne, gari ne kawai da gishiri. Daga nan muka nemi mai godogodo don mu kashe yajin, kunun geron nan mai sanyi da nono, ta sha kwano guda ta karɓi nawa ta ƙarasa. Ta sayi gongolez, wato 'ya'yan kuka, ta cusa a kumatu tana tsotsa kamar yarinya. Na ce ke ko kunya, ta ce kunyarta tana Madani ta baro ta da katifa. Ni dai ina kallonta raina fari tas. Na ce a zuciyata, yau na kama ki, ba inda za ki.

Amma na lura da wani abu. Duk inda muka gifta mai shayi sai ta rage tafiya. Ta kalli murhun, ta kalli zalabiyar, ta ce man wannan ya tsufa, waccan ƙullinta bai tashi ba. Ashe ba zalabiya take dubawa ba, inuwa take dubawa. Kowane gindin bishiya da wuta, kowace katanga mai ɗan duhu da wuta, har gefen motar da ta lalace wata ta kafa bambar ɗinta, ƙananan kujerun nan na saƙa. Duk matan da suka gudo, abin da suka iya ke nan.

“Yaya, garin nan ba masaka tsinke. Ko inuwar sandar lantarki an kama.”

“Ke dai taho. Akwai inda ban kai ki ba.”

Muna karyo kwanar kasuwar hatsi ta gane inda muka nufa. Ta kama hannuna ta matse. Ni kuwa tun daga nesa na hango hayaƙi yana tashi a gindin nim ɗin Iya. Wata mata ce a wurin, siririya, ba za ta wuce sa'ar Asiya ba, ta jera kofuna a kan akwati, ta share wurin tas ta yayyafa ruwa, har da turaren wuta. A bayanta, jikin bishiyar, wata tsohuwa tana kwance a tabarma an lulluɓe ta. Kafin in buɗe baki sai ga Hajja Kulu ta taso daga rumfarta tana tafa hannu, ta rungume Rakiya, aka yi kuka aka yi gaisuwa. Matar nan ta ga baƙin shugaba ne, ta yi maza ta jawo mana bambar, ta ɗora jabana. Sunanta Su'ad. Balarabiya ce, ba ta jin Hausa ko ta sannu. Hajja Kulu ta zauna, fuskarta a sake kamar hirar duniya muke, ta ce da Hausa:

“Hauwa, na san abin da ya kawo ku. Aro na ba ta, kuma na faɗa mata aro ne, a gaban shaidu. Na same ta tana yawo da uwarta ba su da ko na karin kumallo. Amma amana amana ce. Ke ce babba, ki ce ta tashi, gobe da safe Rakiya ta hura wuta.”

“In ta tashi ina za ta?” in ji Rakiya.

“Oho. Allah na nan. Ni dai ba ni da wata inuwar, ko ta tafin hannu.”

Ku duba wannan abu. Ana yanke wa mace hukuncin abincinta a kan kanta, da harshen da ba ta ji, ita kuwa tana daka citta tana yi mana murmushi, tana tambaya ko a ƙara sukari. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Rakiya ta juya ta fara yi mata magana da Larabci. Daga ina? Daga Madani. Kafin nan fa? Khartoum. Ta wace hanya kuka fito? Ta faɗa. Ashe hanya ɗaya suka biyo, har gadar da aka tsare su suka wuni a rana ɗaya ce. Mijinta fa? Su'ad ta ce tun ranar da ya fita neman mota ba ta sake jin duriyarsa ba. Ta faɗa ne kawai tana zuba kofi, kamar mai ba da labarin farashin albasa. Ta ce amma alhamdu lillahi, wurin nan yana da albarka, an ce wata tsohuwa ce mai kirki ta kafa shi, kullum in ta share sai ta yi mata addu'a.

Ni fa ba waliyyiya ba ce, kun san ni. Tausayi na ji, amma ƙanwata nake so. Na ce a raina, kowa da nasa, uwata ce ta share wurin nan har bayanta ya ranƙwafa, ba uwar wani ba. Na gyara zama, na buɗe baki zan ce wa Hajja Kulu ta tashe ta. Sai na ji farcen Rakiya a cinyata ta ƙarƙashin tob, ta mintsine ni mintsinin da rabona da irinsa tun muna yara. Ba ta ko kalle ni ba. Ta ce da Hajja Kulu:

“Yawo muka fito, Yaya Kulu. Mun ci agashe, mun sha godogodo, muka ce mu sha jabana a inuwar Iya. Shi ke nan abin da ya kawo mu.”

Hajja Kulu ta dube ni, don maganar a bakina take, ba a bakin Rakiya ba. Na yi shiru. Muka sha jabanar nan har zagaye na uku kamar yadda ake yi, Rakiya ta yaba, ta ce hannunta da daɗi. Da za mu tashi ta je ta durƙusa ta gaida tsohuwar da ke kwance, ta gyara mata lulluɓi.

A hanya na sauke mata kwandon masifa. Ban bari mun kai gada ba. Na ce ita wace irin mutum ce, an ba ta haƙƙinta a hannu ta watsar. Na ce tausayin bare ya fi nawa ke nan, ni da na tsufa ba ni da 'yar'uwa sai ita. Mutane suna kallonmu ban damu ba. Ta bar ni na yi har na gaji, sannan ta ce:

“Yaya, sau biyu ana tashe ni daga inda na share. Na san yadda ake ji in an wayi gari ba wurin zuwa. Ki ce in zauna a can ina soya zalabiya, ina ganin inda tabarmar tsohuwar nan take? Wallahi ko loma ba za ta wuce mini ba.”

“To ni fa?”

“Ke kina da Malam, kina da 'ya'ya, kina da ɗaki. Ma'alesh, Yaya, ki yi haƙuri. Ai mun sha yawo. Rabona da jin daɗi irin na yau har na manta.”

Ba mu hau raksha ba, a ƙafa muka dawo. Kun tare mu kuna tambayar me muka sayo, ta miƙa muku ragowar gongolez tana dariya, shi ya sa ba wanda ya gane komai. Ita ce ta hana ni faɗa, ta ce in babanku ya ji zai je ya yi magana da maza a tashi matar nan ta bayan fage. Bayan haka na yi ta fafutukar nema mata wani wurin. Na aika wajen asibiti, na aika tashar mota, ko'ina an cika. Na ce ta kafa a ƙofar gida, ta ce wa zai saya, unguwar da kowa da butarsa a wuta. Ba a daɗe ba ta ce wa Usman ya turo mata tikiti. Ranar tafiyar ta ƙi yarda in raka ta tasha, wai gwiwata.

Abin da ta guda a nan shi ta tarar a can, har ya fi. Ɗaki ɗaya a saman bene, zafi kamar tanda, ga Usman ya rantse uwarsa ba za ta zauna a titi ba yana raye. Ba laifinsa ba ne, gata yake yi mata. In mun yi waya sai ta ce lafiya lau, tana kallon teku ta taga. Rakiya da kallon taga! Ina jin muryarta tana raguwa wata bayan wata, ni kuma ba abin da na iya.

Zan faɗa muku gaskiyar zuciyata, ku yi yadda kuka ga dama da ita. Na yi nadamar shirun nan. Na san da na yi magana da na kwana da kunya, na san ita ce mai gaskiya ni ce marar ita, duk na sani. Amma da kunyar ce a kaina da ƙanwata a gefena, ina jin da na iya ɗauka. Malamai su ce abin da za su ce. Ni dai ba ranar da ba na komawa gindin bishiyar nan in buɗe baki, in ga ko a wannan karon maganar za ta fito.

Shekara ta zagayo da 'yan watanni, hanyar Madani ta buɗe, mutane suka fara komawa. Wata hantsi sai ga Hajja Kulu da kanta a gidan nan, tana haki, ta ce Su'ad ta tattara ta koma, ta zo ta yi sallama ta mayar da amana, inuwa tana nan a share, a kira Rakiya. Ko zama ban bari ta yi ba na sa aka bugo mini Usman. Ya ce Inna tana kwance tun makon jiya, ita ce ta hana a faɗa mini. Ya kara mata wayar a kunne. Na ce Rakiya, wuri ya fita, ki taho, ni zan biya mota, ni zan sayi gawayi. Na ji tana numfashi sama-sama.

“Yaya, hannuna ko kofi ba ya iya ɗagawa yanzu.” Ta ɗan huta. “Su'ad ɗin, ta samu gidanta a tsaye?”

“An ce yana nan. Ƙofofi kawai aka cire.”

“Uwar fa?”

“Da ita ta tafi, da ranta.”

“To madalla. Ko ba komai ɗayarmu ta koma gida.”

Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. A can aka binne ta, cikin mutanen da ba su san ko sunan uwarta ba, ni kuma ban ga fuskarta ba. Wannan ce matar da kuke cewa ta raina Gadarif. Kar in sake ji a gidan nan.